Dillancin gidaje a Garwa da manhajojin da ke amsa tambaya

Wani matashi da bai daɗe da shiga dillancin gidaje da filaye a nan Garwa ta ƙasar Kamaru ba ya aiko min da tambaya. Ya ce yana ganin abokansa suna sa ChatGPT da Meta AI suna rubuta musu talla, har wani ya gaya masa nan da 'yan shekaru babu mai neman dillali, waya ce za ta nuna wa kowa gida da farashinsa. Maigidansa da ke koya masa sana'a kuwa ya ce duk wasan yara ne, ya ajiye waya ya kama yawo. Yana so ya san wa zai bi, ko ya dace ya riƙa biyan kuɗin wata don samun manhaja mai ƙarfi, da kuma abin da ya kamata ya riƙa yi kullum.

Ƙanena, maigidanka ya fi abokinka kusa da gaskiya, amma kada ka ajiye wayar. Na shiga wannan sana'a tun ana rubuta sanarwar gidan haya da gawayi a jikin katanga, yanzu kuma ni ma ina amfani da waɗannan manhajoji na ƙirƙirarriyar basira. Na ga dillalai biyu da waya iri ɗaya da manhaja iri ɗaya, ɗaya tana rage masa wahala, ɗaya kuma tana ba shi kunya a gaban mai saye. Bambancinsu yana cikin abin da kowannensu ya saba yi tsakanin asuba da isha'i.

Bari in fara da farashi, tunda nan ne tsoron yake. A Amurka akwai kamfanin Zillow, wanda tun 2006 yake da na'urar ƙiyasta kuɗin gida. Ƙasa ce da a yawancin jihohinta ake iya ganin abin da aka sayar da gida a rijista, da girmansa, da shekarar da aka gina shi. Kamfanin ya yarda da lissafinsa har ya shiga sayen gidaje da kansa don ya gyara ya sayar. A watan Nuwamba na 2021 ya rufe wannan sashe bayan asarar ɗaruruwan miliyoyin dalar Amurka, ya kuma sanar da sallamar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ma'aikatansa. Shugaban kamfanin da kansa ya amsa cewa hasashen farashin gidaje ya fi wuya fiye da yadda suka zata.

Idan haka ta faru inda kusan komai yake a rubuce, ina ga Garwa? Kuɗin fili a unguwar Jambutu ko Lainde a zaure ake yanke shi, tsakanin mai fili da mai saye da dillalai biyu ko uku da shaidu. Abin da kake gani a Facebook kuɗin kira ne, wato burin mai fili. Wanda aka sallama a kai ba ya hawa intanet. Ko a takarda ma, ka san yadda wasu ke rage adadi don kuɗin rijista ya yi sauƙi. Su kuwa waɗannan manhajoji daga rubutun da ke intanet suka yi karatu. Ka tambayi ɗaya nawa ne mita murabba'i a Marware, za ta ba ka adadi cikin Faransanci mai tsabta, ba tare da in-ina ba, kuma mai yiwuwa daga tallan Duwala ko Yawunde ta haɗo shi, ko ta ƙaga. Wanda ya ɗauki wannan adadi ya kai wa mai fili, ko dai ya ɗora masa burin da zai hana filin tafiya shekara biyu, ko ya sa ya sayar da arha ya dawo yana Allah ya isa.

Saboda haka abu na farko da zan ce ka saba da shi shi ne littafi. Ka sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi. Duk cinikin da ka ji an ƙulla, ko ba naka ba ne, ka rubuta shi a daren ranar, kafin ka kwanta. Unguwa, tsawo da faɗi, yana da titir fonsiye, wato takardar mallakar fili ta hukuma, ko takardar jauro, shugaban gargajiya na wurin, ce kawai, nisansa da kwalta, ko layin wuta da bututun ruwa sun iso. Nawa aka kira, nawa aka taya, nawa aka sallama, wata nawa ya yi a kasuwa kafin ya tafi. Sai abin da yawancin matasa ke tsallakewa, wato dalilin sayarwa. Mutumin da zai biya kujerar Makka kafin a rufe, ko wanda asibiti ya matsa, ko magada da suka ƙosa a raba kowa ya kama gabansa, abin da suka karɓa ba shi ne farashin unguwa ba. In ba ka rubuta dalilin ba, wata shida nan gaba za ka ɗauki wannan ciniki ka auna wani fili da shi, ka cuci mai shi ba da niyya ba.

Na san rubutun dare yana da nauyi, musamman a watan Afrilu da mutum ya wuni a rana sama da digiri 40, ya dawo gida ba wuta. Amma abin da ka bari sai gobe, rabinsa ya tafi. Kuma a nan ne na'urar take fara yi maka amfani na gaske. In ka tara ciniki mai yawa, ka shigar da su a jadawali a waya, ka ba ta, ka ce ta raba maka su unguwa-unguwa, ta fitar da kuɗin mita ɗaya a kowane ciniki, ta ware masu titir da marasa titir, ta nuna waɗanda suka fita daban da sauran. Aikin da zai cinye maka yammaci guda za ta gama shi kafin shayi ya huce. Ka sake duba lissafin da kalkuleta a wuri biyu ko uku, domin takan yi tuntuɓe ko a ninkawa da rabawa. Daga nan, ranar da wani Alhaji daga Briketeri a Yawunde ya kira ya ce yana son fili a gida, ba za ka ce masa "ai wurin yana tashi" ba kamar yadda kowa ke faɗa. Za ka ce masa: Alhaji, a wannan layi an sayar da uku bana, ga girmansu, ga abin da aka biya, ɗaya ya yi arha ne saboda gado. Irin wannan amsa ce ke sa mutum ya ajiye lambarka.

Bayan littafin ka buɗe wani shafi na masu nema. Wane ne, me yake so, iyakar ƙarfinsa, yaushe yake bukata. Malamin makaranta da aka yi wa canjin wurin aiki yana son ɗaki biyu da falo kafin a koma makaranta a farkon Satumba. Ma'aikacin kamfanin auduga yana son gida mai wurin ajiye mota. Tun da aka kafa Jami'ar Garwa a 2022 kuma ga ɗalibai da iyayensu masu neman ɗaki ɗaya mai sauƙin kuɗi. Kowace safiya bayan asuba, kafin rana ta yi zafi, ka duba wannan shafi ka duba gidajen da ke hannunka, ka ga wa ya dace da wane. Manhaja tana iya yi maka wannan haɗi, har ta tsara maka saƙon tuntuɓa. Amma ka kiyaye, kada ka zuba mata sunayen mutane da lambobin wayarsu, balle hoton katin shaidarsu ko takardar filinsu da sunansu a jiki. Ka sa musu lamba, na ɗaya, na biyu. Abin da ka rubuta mata yana zuwa ne kwamfutocin kamfani a wata ƙasa. Kamaru ta yi dokar kare bayanan mutane a Disamban 2024, kuma ko babu doka, mutumin da ya gaya maka bashi ne ya sa zai sayar da gidansa amana ya ba ka.

Wajen rubutu ba ni da ja, tana da kyau. Talla da Faransanci, wasiƙa zuwa ga mai gida da ke Duwala, daftarin yarjejeniyar haya, saƙon tunatar da ɗan haya cikin ladabi cewa wata ya ƙare. Dillalai da yawa a cikinmu makarantar allo suka yi, sun san gari kamar tafin hannunsu, amma rubutun Faransanci yana tsaya musu, dole su biya wani a shagon buga takardu. Wannan shinge ya faɗi, kuma na yi murna da faɗuwarsa. ChatGPT ya fito a ƙarshen Nuwamban 2022, Meta AI kuma ta shigo WhatsApp a Kamaru a 2024, don haka ko wanda bai taɓa buɗe kwamfuta ba yana da ita a aljihu. Hausarta dai ta littafi ce, wani lokaci da ƙamshin fassara. Fulatanci ya shiga Google Translate a 2024, amma kada ka aika wa dattijo a unguwar Fulbere saƙon da na'ura ta fassara ba tare da wani mai jin harshen ya saurara ba. Gaskiya ma mutanenmu sun fi son saƙon murya. Ka bari ta tsara maka abin da za ka faɗa, kai kuma ka faɗa da bakinka, da gaisuwar da ta dace da wanda kake magana da shi.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe kunne sosai, maganar takardu. Dokar filaye ta Kamaru ta samo tushe ne daga dokar shugaban ƙasa mai lamba 74-1 ta ranar 6 ga Yuli, 1974, sai dokar 1976 da ta tsara yadda ake samun titir fonsiye, wadda aka yi wa gyara a Disamban 2005. Abin da ke cikinsu da ya shafe ka kai tsaye: titir shi ne shaidar mallaka da hukuma ta sani, kuma cinikin fili mai titir dole ya bi ta hannun noter, wato masanin doka da hukuma ta naɗa don tabbatar da takardun ciniki, in ba haka ba doka tana ɗaukarsa kamar ba a yi ba. Takardar da jauro ko lawan ko mai unguwa ya sa wa hannu tana da daraja a tsakanin jama'a, tana nuna wa aka sani a wurin, tana kuma taimakawa in an zo neman titir, tunda shugaban gargajiya yana cikin kwamitin da supirefe, jami'in gwamnati mai kula da gunduma, ke jagoranta zuwa ganin fili. Amma ita ba titir ba ce, kuma dokar 1974 ba ta amince da sayar da filin da ba a yi wa rijista ba. Mun san yawancin cinikin bayan gari da ita ake yi. Aikinka shi ne mai saye ya san abin da yake saye kafin ya ƙirga kuɗi.

Manhaja za ta iya warware maka Faransancin doka zuwa magana mai sauƙi, kuma wannan taimako ne babba. Haɗarin shi ne takan cakuɗa dokar Kamaru da ta Faransa ko ta Senegal, ta kawo maka lambar sashe da babu shi, da murya irin ta lauya. Hanyar da na fi yarda da ita ita ce ka samo rubutun dokar da kanka, ka liƙa mata sashen, ka ce ta yi bayani a kan wannan kaɗai. Sannan ka tuna ba ta da ido a cikin rijistar ofishin filaye. Ba za ta gaya maka ko titir ɗin nan na gaske ne ba, ko an jinginar da shi a banki, ko akwai ƙara a kansa, ko sunan da ke ciki na mamaci ne da ya bar 'ya'ya goma sha biyu daga ɗaki uku kuma ɗaya ne kawai ya zo sayarwa. Wannan sai ka taka zuwa ofishin ajiyar rijistar filaye ka nemi takardar shaidar mallaka ta kwanan nan. In yanki ne za a cire daga babban titir, sai mai awo na hukuma ya zo ya kafa turakun iyaka a fitar wa yankin nasa titir. In gado ne, ka ga hukuncin kotu da ya lissafa magada, ka ji daga bakin manyansu, har da mata, domin sau da yawa wadda ba a tambaya ba ce take tayar da cinikin bayan shekara uku.

Ka mai da zuwa wannan ofishi al'ada, ko da ba ka da ciniki a hannu. Ka san ƙofar da ake bi, da kwanakin da takarda take ɗauka, da kuɗin da ake biya a karɓi rasit. Haka ma gaisuwa wurin jauro da masu unguwa, ranar Juma'a bayan masallaci ko duk lokacin da ya yi maka. A irin wannan zama ne za ka ji cewa filin can da ake ta tallarsa an taɓa sayar da shi ga wani da ke Ngawundare.

Abin da ya ƙara wa wannan yawo muhimmanci shi ne, na'urar da ke taimakonka tana taimakon macuci. Da can takardar jabu takan tona kanta da kuskuren rubutu da hatimi karkatacce. Yanzu ana iya fitar da ita tsaf. Ana iya ƙirƙiro hoton gida mai tayil da fanka da babu shi a duniya, a sa a zauren WhatsApp, a ce sai ka turo kuɗin ganin gida ta Orange Money ko MTN Mobile Money kafin a nuna maka. Ana ma iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan guntun saƙonsa. Don haka in saƙon murya ya zo da sunan mai gida yana cewa a tura kuɗin haya zuwa wata sabuwar lamba, ka kira tsohuwar lambarsa ka ji. Ka koya wa masu hulɗa da kai haka. Mutanenmu da ke New Bell a Duwala ko Njamena, waɗanda ba za su iya zuwa ba, ka yi musu kiran bidiyo kana tsaye a kan filin, ka juya wayar su ga maƙwabta da hanya da turakun iyaka, ka sa wani ɗan'uwansu ya zo ya tsaya tare da kai.

Kai ma ka kiyayi naka hannun. Manhajar gyaran hoto tana share tsagewar bango da tabon yoyon rufi da danna yatsa ɗaya. Ƙara haske a hoton ɗaki mai duhu ba laifi. Share aibi kuwa ha'inci ne, kuma ka san hukuncin ɓoye aibin kaya a addini. Ko ta fuskar kasuwa ma ba riba, domin mai nema zai zo da ƙafarsa, ya ga bangon, ya tafi da labarinka.

Sai ruwa. Duk wanda yake Garwa a 2012 ya ga abin da kogin Binuwai ya yi lokacin da madatsar Lagdo ta cika aka saki ruwa, kuma a 2024 mun ga abin da ya sami Yagwa da Kusiri. Filin da ka gani a watan Fabrairu, busasshe, shimfiɗaɗɗe, mai kyan gani, yana iya zama tafki a watan Agusta. Google Earth a kwamfuta yana da hotunan sama na shekarun baya, kana iya komawa ka ga inda mayo, wato rafi, yake bi kafin a cike shi da ƙasa, da inda ciyawa take yin kore shar a lokacin da ko'ina ya bushe. Ina amfani da shi, yana kuma ba ni alamar inda zan sa ido. Amma al'adar da ta fi shi ita ce, duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi a Agusta ko Satumba, ka hau babur da sassafe ka zaga unguwannin da kake aiki. Ka ɗauki hoto, wayar za ta riƙe kwanan wata. Ka duba layin da ruwa ya bari a jikin katanga, ka ga gidajen da suka ɗaga dokin ƙofa, ka tambayi matar da ke share ruwa daga tsakar gida ko haka ake yi kowace shekara. Dillalai da yawa damina hutu suke ɗaukarta saboda ciniki yana ja baya. Ni a damina nake tara abin da nake sayar da fili da shi a rani.

Gidan haya ma yana da nasa lokutan gani. Ka shige shi da azahar a watan zafi ka ji yadda kwano yake, ka buɗe famfo da safe lokacin da kowa ke ɗiba, ka duba mitar wuta ko akwai bashin tsohon ɗan haya, ka leƙa masai. In ka rubuta waɗannan, tallan da manhaja za ta tsara maka zai fito da abin da mai nema yake son ji. In ba ka ba ta komai ba sai "ɗaki uku a Rumde Ajiya", za ta cika sauran da kalmomin ado irin waɗanda ke cikin tallan kowa, wani lokaci har ta ƙara wa gidan lambu da wurin ajiye mota daga kanta. Ka karanta kowane layi kafin ka tura.

Game da biyan kuɗin wata, a matakin da kake ban ga dalili ba. Na kyauta ya ishe ka rubuta talla da tsara jadawali. Kuɗin ka sa su a man babur, da batirin cajin waya saboda ɗaukewar wuta, da tef ɗin awo mai tsawo, da data. In ciniki ya buɗe har kana riƙe da gidajen haya masu yawa kana karɓar kuɗi a madadin masu su, a lokacin ka sake dubawa. A lokacin ne kuma za ka waiwayi dokar 2001 da ta tsara sana'ar dillancin gidaje a Kamaru, wadda ta tanadi katin sana'a daga hukuma. Yawancinmu a unguwa ba da shi muka fara ba, amma kamfanoni da ƙungiyoyin agaji masu neman gida ga ma'aikatansu sun fi sakin jiki da wanda yake da takarda da ofis da rasit.

La'adarka kuma ka yanke ta tun farko, a gaban mai gida da mai nema, ka tura musu a rubuce ta WhatsApp ko da layi biyu ne: nawa ne, wa zai biya, yaushe, da yadda za a raba in akwai wani dillali a tsakani. Wannan saƙo manhaja za ta tsara maka shi da Hausa da Faransanci a lokaci ɗaya. Ka nuna wa maigidanka shi ya gani kafin ka tura na farko, domin shi ya san waɗanda a garin nan za su ga rubutu a matsayin rashin yarda, waɗanda sai an fara zuwa an zauna da su tukuna.